Farfesa Adeoye Lambo: Likitan da ya mayar da ƙauye asibitin masu taɓin hankali

A ranar 13 ga watan Maris na shekarar 2004 Najeriya ta yi rashin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ɗan ƙasar nan na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa bisa tsarin zamani. Ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai abin da ya sa ake ambaton sunansa har yau a makarantun koyon likitanci shi ne wani aiki da ya fara a 1954 a wasu ƙauyuka huɗu da ke bayan garin Abeokuta, inda ya fitar da masu taɓin hankali daga bayan katanga ya zaunar da su a gidajen manoma, kowa tare da ɗan uwansa. Hujjarsa ita ce hankalin mutum a cikin jama'a yake rikicewa, a cikin jama'a kuma yake dawowa daidai.

Haihuwa da karatu

An haifi Lambo a Abeokuta, babban birnin Jihar Ogun ta yanzu, a ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar samari ta 'yan Baftis da ke garin, daga nan ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanci likitanci. Bayan ya dawo gida ya yi aikin likita a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, a 1952 ya sake komawa Ingila, zuwa cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke haɗe da asibitin Maudsley a Landan, wadda a lokacin take cikin manyan wuraren koyon wannan fanni a duniya. A 1954 ya dawo Najeriya, aka ba shi ragamar sabon asibitin ƙwaƙwalwa da ake ginawa a Aro.

Halin da ya tarar

A wancan zamani abin da hukuma ta tanadar wa mai taɓin hankali tsarewa ne. Dokar mahaukata ta 1916 ta bai wa alƙali da likitan gwamnati ikon killace duk wanda aka ga hankalinsa ya gushe. Gidajen mahaukata kaɗan ne, kamar na Yaba a Legas wanda aka buɗe a 1907, da na Kalaba, kuma kullum a cike suke. A sauran wurare, ciki har da lardunan Arewa, gidan yari ne ke karɓar wanda ya gagari danginsa. A gida kuma mari ne da turu. Wanda aka kai irin waɗannan wurare ba kasafai ake sa ran fitowarsa ba, danginsa ma sukan ɓoye zancensa don gudun abin kunya da tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansu.

Bayan ƙarancin wurin jinya akwai kuma gurɓataccen tunani a cikin littattafan likitocin kansu. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani littafi kan tunanin mutumin Afirka, wanda J. C. Carothers ya rubuta, wani likitan Turawa da ya daɗe yana kula da asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi. A rubuce-rubucensa Carothers ya kwatanta lafiyayyen baƙar fata da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. A 1955 Lambo ya mayar da martani a wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila, cikin wata maƙala kan ciwon zargi a tsakanin Yarabawa. Ya nuna cewa irin waɗancan maganganu an gina su ne a kan wariyar launin fata da ƙarancin bincike, kuma ciwon da ke kama Bature shi ne ke kama Bayarabe, al'ada ce kawai ke canza rigar da ciwon yake sanyawa. Wanda ya tashi a inda ake tsoron maita zai yi zargin maye, wanda ya tashi a birnin Turai zai yi zargin 'yan leƙen asiri ko na'ura.

Gwajin Aro

Ko da Lambo ya isa Aro, ginin asibitin bai kammala ba, babu ɗakunan kwantar da majinyata. Maimakon ya jira magina, sai ya nemi dagatan ƙauyukan da ke kewaye su amince a saukar da marasa lafiya a gidajensu a matsayin 'yan haya. Ba cikin sauƙi aka amince ba, domin mutane da yawa sun ɗauka hauka na yaɗuwa kamar annoba. Abin da ya taimaka shi ne cinikin ya amfani kowa. Masu gidaje na karɓar kuɗin haya, ana ba su rance su ƙara ɗakuna, aka kawo wa ƙauyukan ruwan famfo da masai da aikin kashe sauro, wasu mazauna kuma suka sami aiki a asibitin.

Sharaɗin karɓar majinyaci shi ne ya zo da ɗan uwa, galibi uwa ko 'yar uwa ko gwaggo, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti. Da safe ana zuwa wajen likita don karɓar maganin zamani, wanda ya haɗa da jinyar lantarki a kai da kuma ƙwayoyin kwantar da hankali da suka fara fitowa daga Faransa a farkon shekarun 1950. Bayan haka majinyaci ya koma ƙauye, ya shiga aikin gona ko sana'ar hannu, ya je kasuwa, ya halarci coci ko masallaci, ya kalli wasa da rawa tare da jama'a. Ma'aikatan jinya na zaune a ƙauyukan dare da rana saboda abin da ka iya tasowa, kuma ana zaman shawara a kai a kai tsakanin dattawan gari da ma'aikatan asibiti. A lokacin da tsarin ya bunƙasa, ƙauyukan na ɗaukar majinyata 200 zuwa 300.

Ba a Aro aka fara zaunar da masu taɓin hankali a gidajen jama'a ba. Garin Geel na ƙasar Beljiyam ya shafe ɗaruruwan shekaru yana yin haka. Sabon abin da Lambo ya kawo shi ne shigar da dangi cikin jinyar tun daga ranar farko. Ɗan uwan da ya zauna da majinyaci yana ganin yadda ciwon ke tashi da yadda yake lafawa, yana koyon abin da ke tunzura shi da abin da ke kwantar da shi, yana kuma hira da wasu iyayen da ke cikin irin halinsa. Ranar da za a koma gida, mutum biyu ne suka canza, mai ciwon da wanda zai ci gaba da zama da shi.

Likita da boka a inuwa ɗaya

Matakin da ya fi jawo masa surutu a wajen abokan aikinsa shi ne gayyato wasu zaɓaɓɓun masu maganin gargajiya su yi aiki tare da shi. Dalilinsa a fili yake. Kusan duk wanda ya iso Aro ya riga ya bi ta hannun boka ko malami ko mai addu'a, kuma idan ya bar asibiti can zai koma. Ya kuma lura, a binciken da ya yi kan ɗaliban Najeriya da hankalinsu ya rikice suna karatu a Ingila, cewa ko mai zurfin ilimin boko idan ciwo ya kama shi yakan fassara shi da abin da ya ji tun yana yaro a gida, wato sammu ko baki ko fushin magabata. Likitan da ya yi watsi da wannan fassara ya rufe ƙofar da zai bi ya kai ga majinyacinsa.

A Aro masu maganin gargajiya sun taimaka wajen jin tarihin majinyaci, da fassara mafarkinsa, da shirya taron da ake sasanta shi da danginsa, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Lambo bai ce duk abin da boka yake yi daidai ne ba, kuma bai ajiye maganin zamani ba. Abin da ya gani a wurinsu shi ne sanin harshen majinyaci da sanin yadda ake tara dangi a kan matsala. Wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya rubuta cewa bokayen Yarabawa sun daɗe suna ba masu hauka saiwar wani tsiro mai sa nutsuwa, ɗan uwan tsiron Indiya da masana suka tace maganin kwantar da hankali daga jikinsa a 1952.

Tsakanin ɗakin Freud da dandalin ƙauye

Don a gane girman abin da Lambo ya yi, sai an tuna da hanyar jinya ta hira da ta yi tashe a Turai da Amurka a zamaninsa. Sigmund Freud, likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya wanda ya rasu a Landan a 1939, shi ya kafa ta. Majinyaci yakan kishingiɗa a kan doguwar kujera ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, likita na zaune a bayansa yana saurare, lokaci zuwa lokaci yana fassara masa abin da ke ɓoye a ƙarƙashin maganarsa da mafarkinsa, musamman abin da ya samo asali daga ƙuruciya. Ana yin haka sau da yawa a mako, a shafe shekaru. A wannan tsari, waraka na zuwa ne idan mutum ya gane abin da ya binne a zuciyarsa.

Lambo ya yarda cewa magana magani ce, kuma mafarki da tsoro suna da ma'ana. Amma ya ga cewa hanyar da ke buƙatar likita ɗaya ga majinyaci ɗaya na tsawon shekaru ba za ta kai ga talakan Najeriya ba, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su cika yatsun hannu ba. Ya kuma ga cewa an ɗinka ta ne a kan mutumin da ke ɗaukar kansa shi kaɗai, alhali majinyacin da ke gabansa ɗan wane ne, mijin wance, jikan gidan su wane. Idan aka ware shi a ɗaki aka gyara, aka mayar da shi cikin gidan da bai canza ba, gidan zai mayar da shi yadda yake.

Shekaru da dama bayan haka, wasu daga cikin magadan Freud suka iso kusa da wannan matsaya ta wata hanya dabam. Sun aro daga lissafi da kimiyyar halittu abin da ake kira nazarin tsarin abubuwa masu cuɗanya, wato tsarin da sassansa ke shafar juna ba tsayawa. Ɗan kasuwa ya san irinsa. Farashin albasa a kasuwar Yauri ba mutum ɗaya ke yanke shi ba, yana fitowa ne daga damina da kuɗin mota da yawan masu saye daga kudu da jita-jitar dillalai, kowanne na taɓa ɗan uwansa. Irin wannan tsari yakan zauna a wani hali ya ƙi motsi ko an tura shi, sannan wata rana ƙaramin abu ya juya shi gaba ɗaya, kamar ruwan tukunya da ke ɗaukar zafi shiru kafin ya tafasa farat ɗaya. A 1998 wani rukunin masana a birnin Boston na Amurka, ciki har da Daniel Stern, ya wallafa maƙala da ke cewa fassarar likita kaɗai ba ta isa ta bayyana yadda majinyaci ke canzawa ba, akwai abin da ke faruwa a cikin hulɗar mutanen biyu wanda ke sauya yadda majinyacin ke zama da mutane. Masu wannan ra'ayi na ganin cewa waraka ba ta tafiya a miƙe, takan tsaya cik, takan koma baya, kuma sau da yawa rikicewa ke gabatar babban sauyi.

Lambo bai yi amfani da wannan lissafi ba, amma ƙauyen Aro a kan irin wannan fahimta ya tsayu. Magani na rage jin muryoyi, raguwar muryoyin na sa majinyaci ya yi barci, barcin na sa ya iya riƙe fartanya, aikin na sa maƙwabta su daina gudunsa, hakan na kwantar da hankalin uwarsa, nutsuwar uwar kuma na komawa gare shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bincike, Ibadan da Janiba

Sunan Aro ya bazu da wuri. A watan Nuwamba na 1961 Lambo ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta. A shekarar ce kuma ya haɗa hannu da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka gudanar da bincike a ƙauyukan Egba da cikin Abeokuta, wanda aka wallafa a 1963. Da suka kwatanta sakamakon da na wani yanki a Kanada, sai suka ga alamomin ciwon sun yi kama sosai, kuma a ƙauyukan da zumunci da shugabanci suka raunana an fi samun masu damuwa. A wannan zamani Tijjani al-Mahi a Sudan da Henri Collomb a asibitin Fann na Dakar su ma suna neman hanyar haɗa asibiti da dangi da al'ada.

A 1963 Lambo ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, daga baya shugaban tsangayar likitanci, sannan shugaban jami'ar a shekarun yaƙin basasa har zuwa 1971. Ibadan na cikin cibiyoyi tara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa a ƙarshen shekarun 1960 don nazarin sikizofiriniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargi da janyewa daga jama'a. Da aka bibiyi majinyatan bayan shekara biyu, sai aka tarar na Ibadan da na Agra a Indiya sun fi na Landan da sauran biranen masu arziki samun sauƙi. Masana sun daɗe suna muhawara kan dalili, amma riƙon da dangi ke yi wa mara lafiya na cikin bayanan da aka fi kawowa.

Daga 1971 zuwa 1988 Lambo ya yi aiki a hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, inda ya shafe mafi yawan shekarun a matsayin mataimakin babban darakta Halfdan Mahler. Hukumar da ta buga littafin Carothers a 1953, bayan kimanin shekara ashirin ɗan Abeokutan da ya ƙaryata littafin ne na biyu a cikinta. A zamaninsu aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a kan jama'a da ƙauyukansu. A 1979, lokacin da Najeriya ta fara bayar da lambar girmamawa ta masana, Lambo na cikin rukunin farko tare da Chinua Achebe da Teslim Elias da Alhaji Abubakar Imam.

Inda tsarin ya gaza

Aro bai tsira daga suka ba. Masu nazari sun nuna cewa majinyatan da ke da haɗari ga jama'a ba a ƙauye ake ajiye su ba, ana kai su gidan tsarewa na Lantoro, don haka kwatanta nasarar ƙauyen da ta asibiti na buƙatar taka tsantsan. Wanda ba shi da ɗan uwan da zai bar gona ko kasuwa ya zauna da shi na watanni kuma ba shi da gurbi. Da Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, ƙasa ta yi tsada, zaman gargajiya ya sauya, tsarin ya yi ta ja da baya, babban asibitin ya zama shi ne cibiyar komai. Abin da ya faru da Aro shi ma shaida ne ga maganar mai shi, domin da yanayin da ke riƙe da tsarin ya canza, tsarin bai iya tsayawa shi kaɗai ba.

Abin da ya rage mana

Mutanen gaɓar Tafkin Kainji sun san abin da ake nufi da sauyin da ke taɓa komai a lokaci ɗaya. Da aka kammala madatsar ruwan a 1968, a shekarun da Lambo ke Ibadan, an tashi mutane fiye da 40,000, ciki har da Gungawan da ke noma a tsibiran masarautar Yauri, tsohon garin Busa kuma ya nutse. Gona da maƙwabta da makabarta duk aka bari aka koma sabon matsuguni. A yau ma rashin tsaro na korar iyalai daga ƙauyukansu a sassan Kebbi da Neja da Zamfara, shaye-shaye kuma na cin matasa. Irin wannan tsinkewar zumunci ce binciken 1963 ya danganta da yawaitar damuwa.

Iyalin da ɗansu ya rikice a Wara ko Shanga ko Yelwa suna da doguwar tafiya kafin su kai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware a Jihar Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano. Likitocin wannan fanni a faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Wannan giɓi ne gidajen mari ke cikewa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya kuma aka sami irin haka a Daura. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyaci da kula da shi a cikin al'umma.

Abin da dokar ke nema a takarda shi ne abin da Lambo ya gwada a aikace kusan shekara saba'in kafin ta. Bai jira an gama gini ba. Ya yi aiki da abin da ya tarar, wato dagaci da mai gidan haya da uwa da mai maganin gargajiya, ya ɗora musu ma'aikacin jinya da magani na gaskiya. Ƙananan asibitocin da ke garuruwanmu, da sarakuna da limamai da malaman da jama'a ke fara kai wa kuka, su ne makamancin waɗannan a yau. Lambo ya rasu saura kwana 16 ya cika shekara 81. Asibitin Aro na nan yana aiki, yana kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya daga sassan ƙasar nan.